Bube, Ba Za Mu Koma Bayan Mota Ba

Na Allah ne mu, gare shi kuma kowa zai koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris na 1965, da hantsi, Allah ya karɓi ran Bube Ɗan'iya, direban motar da ke jigila tsakanin Kebbe da Tambuwal. Ya cika a gidansa na Tambuwal bayan ciwon ciki da bai daɗe yana jinyarsa ba. Wani mai keke ne ya kawo mana labari Kebbe, ya iske ni ina karantar da ajin yaƙi da jahilci. Na sallami ɗalibai, na nemi abin hawa na rasa. Motar da za ta kai ni jana'izarka, Bube, taka ce, ita kuwa tana ajiye a ƙofar gidanka. Sai washegari na iso a kan jaki, an riga an rufe ka.

Ni ne Abdulkarimu da ake kira Soja, wanda ya baro ƙafarsa ta hagu a yaƙin Bama ya dawo da ta katako. Na rubuta wannan ne domin masu lafiyar ƙafa da ido su san wanda aka rasa. Mu dai mun sani.

Kafin ka fara bin wannan hanya, kowa ya san tsarin mota. Gaba, kusa da direba, na attajirai ne da manyan ma'aikata. Sauran jama'a su kama tsani su hau baya, su zauna kan buhunan gero tare da awaki. Gurgu kuwa, in an ji tausayinsa, a sungume shi a jefa kamar dami, jama'a na dariya. In ba a ji ba, a ce masa mota ta cika. Kuturu ko kusa da taya ba ya zuwa.

Ranar da na fara ganinka, ina kokawa da tsanin nan ne a tashar Kebbe. Ƙafar katako ta zame, na rataye da hannu ɗaya, hulata ta faɗi. Ka fito daga ƙarƙashin mota da baƙin mai har gwiwar hannu, ka ɗauki hular ka kaɗe, ka buɗe ƙofar gaba ka ce, "Soja, nan a wurinka." Da na ce ba ni da kuɗin gaba, sai ka ce in biya na baya. Ba ka taɓa ɗaukar ɗayanmu kyauta ba. Cewa kake yi ba bara muka zo ba, tafiya muka zo kamar kowa. Wannan ya fi mini sadaka daɗi.

Haka ka yi wa Na'Allah, makahon garin Jabo mai tufkar igiya, da ke kai kayansa kasuwanni. In yana gaba, bakinka ba ya hutawa. Kana gaya masa ga fadama ta cika, ga dawar wane ta yi kyau, ga Fulani sun sauka da shanu a gefen hanya. Ya taɓa ce mini shekarunsa da yawa yana bin hanyar Kebbe, amma bai gan ta ba sai a motarka.

Ba zan mai da kai waliyyi don ka mutu ba. Kana da zafin rai, bakinka kuma yana da kaifi. Wanda ya makara ko ɗan uwanka ne sai ka tafi ka bar shi. Ni kaina mun yi watanni ba ma gaisawa saboda gardamar siyasa, amma ko a lokacin, in na zo tasha, sai ka buɗe mini ƙofa fuskarka a ɗaure.

Abin da ya sa sunanka ba zai ɓace ba ya faru ne a kakar 1960, 'yan makwanni bayan bikin samun mulkin kai, tutoci na nan ba a sauke ba. Hinde, wata baiwar Allah daga ƙauyen Kebbe, kuturta ta cinye mata yatsu, tana zuwa Tambuwal karɓar ƙwayar magani. Da ƙafa take zuwa, ƙafar kuma duk gyambo. Ran nan ka gan ta ta wuce tasha tana ɗingishi, ka kira ta, ka shimfiɗa buhu a kujera, ka zaunar da ita kusa da ni.

Ana cikin lodi sai ga Alhaji Ɗanmaliki, attajirin gyaɗa, wanda kayansa ne rabin abincin motarka duk kaka. Ya leƙo, ya ja da baya, ya toshe hanci da gefen rawani.

Ya ce, "Bube, sabke wagga mata. Sojan na iya zamnawa."

Ka ce, "Alhaji, tsanin ga yatsu shika so. Kai kana da naka, ita ba ta da su."

Ya ce, "Ka san ko da wa kaka magana?"

Ka ce, "Na sani, ranka shi daɗe. An ce muna mun samu mulkin kai. In bai kai ga Hinde ba, to bai iso Kebbe ba tukuna."

Hinde ta fara laluben ƙofa tana kuka, tana cewa a bar ta ta sauka kada ta jawo maka asara. Ka miƙa hannu ta gabana ka riƙe ƙofar. Alhaji ya sa aka sauke buhunansa ɗaya bayan ɗaya. Da mutanen baya suka ji wadda ke gaba, mafi yawansu suka diro suka karɓi kuɗinsu. Ka ta da mota kusan wayam. Da muka isa Tambuwal za ta sauka, ka gaya mata ranar da za ka koma.

Masu yabonka a zaman makoki, da yawansu sun manta abin da suka yi maka bayan nan, ni ban manta ba. Gyaɗar Ɗanmaliki ba ta sake hawa motarka ba, abokansa ma suka janye tasu. Aka sa mata suna motar kutare. Kai da kake kai kaya har Sakkwato ka koma ɗaukar itace da taki. Matarka Maimuna tana dama fura ta sayarwa, mata suka hana 'ya'yansu zuwa saye, ƙwarya ta riƙa kwana cike. Dattawa suka same ka, suka ce ba a ce ka daina taimako ba, amma ka sa su a baya, can ƙurya, kowa ya huta. Ka ce musu wanda ya iya hawa baya ai ba ya bukatar taimakonka.

Ba ka sake yin arziki ba, wannan gaskiya ce. Motar ta tsufa a hannunka, kana ɗaure ta da waya. Amma Hinde ba ta sake fashin magani ba, gyambonta ya kame, yau tana kiwon tumakinta. Sannu a hankali fasinja suka dawo, domin sun ga shekara ta zagayo ba abin da ya same ka, ba abin da ya sami iyalinka. Har sauran direbobin hanyar suka fara buɗe mana gaba, ko don Allah ko don kunyar idonka.

Yanzu mun gane don wanne ne. Ba a yi sadakar bakwai ba, Attahiru direba ya bar Na'Allah tsaye a bakin hanya da igiyoyinsa, ya ce masa dokar Bube ta bi Bube. 'Yan kamasho suka ɗauki maganar suna yi mana waƙa da ita.

To, ga abin da ya biyo baya, Bube, tunda ba ka nan. Ranar kasuwar Tambuwal muka taru, ni da Hinde da Na'Allah da duk wani mai sanda da ya ji kira. Muka shimfiɗa tabarmi a bakin mafitar tasha muka zauna. Ba mu zagi kowa ba, ba mu roƙi kowa ba. Motoci suka yi lodi suka rasa hanya. Aka yi mana hon, aka yi mana barazanar kiran 'yan doka. Na kwance ƙafar katako na ajiye a gabana, na ce wanda ya isa shi fara ɗaukar wagga. Rana ta take, ƙasa ta yi zafi, ba wanda ya motsa.

Wajen azahar sai ga ƙanenka ya shigo tasha da saƙon Maimuna, tana cikin takaba. Ya tsaya ya faɗa da ƙarfi kowa na ji. Ta ce direbobi sun yi ta aike suna neman a ba su motar marigayi su ja, Attahiru na cikinsu. Ta ce makullin yana ɗaure a bakin zanenta, kuma ba ya kwantuwa sai ga wanda ya rantse gaban liman cewa gaban motar na mai rauni ne. In ba a samu ba, gara motar ta ruɓe a ƙofar gida, ita da marayu su ci abin da Allah ya hore.

Attahiru ya daɗe riƙe da sitiyari. Daga baya ya sauko, ya yi wa ɗan kasuwar da ke gaba magana a hankali, mutumin ya koma baya yana ƙunƙuni. Attahiru ya zo ya kama sandar Na'Allah ya ja shi har ƙofa. Sannan muka naɗe tabarminmu.

Ba na ruɗin kaina cewa an gama. Wanda ya buɗe ƙofa yau don an tare masa hanya, gobe yana iya rufewa. Amma su sani, tabarmin nan ba mu sayar da su ba, kuma kasuwa kowane mako take ci.

Ya Allah, ga bawanka Bube ya zo maka. Ka san zafin ransa, ka kuma san abin da ya rasa saboda bayinka da mutane ke ƙyama. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maimuna, Allah ya ba ta haƙuri ya saka mata, da 'ya'yansa Jamilatu da Abdulhamidu, Allah ya raya su a kan halin ubansu, da 'yan uwa da jama'ar Tambuwal da Kebbe baki ɗaya.

Ina kuma yi wa guragu da makafi da kutaren wannan hanya ta'aziyya, domin ba wanda ya zo ya yi mana, alhali mu ma mutuwar tamu ce. Allah ya jiƙan Bube. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.