Baturiyar da ke juya baya

A gidanmu na Lambara, da an idar da sallar isha sai mu kewaye murhun kakarmu, Inna Tumba, tana gasa mana dankali a toka. Labarin da muka fi roƙo shi ne na wata baturiyar Mishan da ta yi wa aikin wanki tun tana budurwa, a wata ƙaramar asibiti da ke can bayan Boɗinga.

"Wagga ba ta Gizo ta ba," haka take farawa. "Da idona nig gani."

Ta ce baturiyar Kirista ce, kullum da safe tana waƙar addininta tana dafa allurai a tukunya. Rana ta gasa ta ta yi jawur, tuwon gero ya ƙi cikinta, zazzaɓi kuma ya mai da ita abokiyar wasa. Hausarta kuwa, sai Inna ta toshe hanci ta kwaikwaye ta, mu yi ta birgima don dariya. Daga nan muryarta kan sauka.

Wata rana aka kawo jariri daga Kajiji, ɗan fari, jikinsa duk ya saki. Uwarsa na tsugune, surukarta na tsaye a kanta. Baturiya ta tambayi uwar ko yana kama nono. Uwa ta sunkuyar da kai. Wace mai kunya ce za ta yi maganar ɗanta na fari a gaban uwar miji? Tsohuwar ta amsa cewa yana sha sarai, alhali ba ɗaki ɗaya suke kwana ba. Aka ba su maganin zazzaɓi suka tafi. Ashe yaro ya daɗe da daina tsotsa, uwar kaɗai ta sani. Kafin su kai gida ya cika.

"Tay yi kuka kamar ita ta haihe shi," in ji Inna. "Tac ce, Tumba, mi ya hana ta hwaɗa mini? Nic ce, ke, gaban wa kika tambaye ta?"

Tun daga ranar, in an kawo ɗan fari sai ta aiki tsofaffi ɗebo ruwa. Ta juya wa uwar baya, ta kama wankin hannu, ta yi tambaya kamar da bango take magana. A haka uwaye ke buɗe baki.

Mu yara dariya muke yi wa wannan juya baya. Bana na daina.

Da damina gudawa ta kama jikana, ɗan farin Rabi matar ɗana. Muka hau babur cikin taɓo har Shagari, inda wasu likitocin sa kai daga ƙasar waje suka kafa rumfa. Idanun yaron sun faɗa, ko kuka ba ya iyawa. Likitar baƙuwa ce, ta bakin tafinta take magana. Ta tambayi Rabi yaushe rabonsa da fitsari, me aka ɗura masa a gida. Rabi ta kafe ƙasa da ido. Haushi ya turnuƙe ni, tsoro ya fi haushin yawa. Har na buɗe baki zan amsa, sai na ji ban san amsar ba.

Shekara da shekaru ina jin labarin nan ina tausayin uwar, ina jin haushin tsohuwar, ban taɓa tunanin ranar da zan tsaya a matsayin tsohuwar ba. Na ce zan je neman ruwa, ga buta cike a hannuna.

Na laɓe a bayan rumfa, ina ta ya Allah, ya Allah. Can na ji muryar Rabi tana zuba ba tsayawa, da jiƙon da aka ba shi, da aman da ya yi, duk ta faɗa. Sai na ji ana gudu, ana kiran a kawo ledar ƙarin ruwa. Cikin hayaniyar Rabi ta ɗaga murya ta kira sunan ɗanta, abin da ban taɓa ji a bakinta ba.

Ban koma ciki ba. Abin da zan iya yi masa ke nan.