Jan Zaren Yaya Lamduan

Kafin a sauke tukunyar shinkafa a gidajen ƙauyenmu, Yaya Lamduan ta dawo daga bayan gona da kwandonta. Ta baza furen kamfoi a faifai, ta yanka citta da kurkum, ta ƙuƙƙulla. Duk ƙullin da ke tsinka jini, jan zare take ɗaura masa. Kuma ba ta miƙa shi sai ta yi tambaya: Kana shan ƙwayar asibiti? Dasashinka yana jini? Za a cire maka haƙori? Shekara arba'in da ɗaya ke nan.

Ni ce Sangwan, maƙwabciyarta, kuma ba zan ɓoye muku ba, ƙyashinta nake ji. Wurin tsoho ɗaya muka koyi magani, marigayi Kaka Kampan. Na fi ta saurin gane ganye. Amma da zai rasu, ita ya miƙa wa tiren girmama malami, alamar ita ce magajiyarsa, ni kuwa na koma dakan kwaɗon ɗanyar gwanda ina sayarwa a kasuwa. Na san dalili. Ni ce na ba wata mai jego, Somjit, ruwan kamfoi mai tsinka jini kwana biyu bayan ta haihu, tana kwance a gefen wutar jego, ban tambayi komai ba. Jini ya ɓalle. Lamduan ce ta tare motar ɗaukar rogo, ta rungume Somjit har asibitin garin Kalasin. Tsoho ya gane da kansa, amma ita ba ta taɓa faɗa wa kowa ƙoƙon maganin na waye ba. Yau ni na faɗa.

Ke ce mai jan zare, Lamduan. Ke ce kika hana Direba Prasit magani don yana shan ƙwayar zuciya, ya tsaya a tsakiyar kasuwa yana ce miki tsohuwar marowaciya. Da likitansa ya ji labari, cewa ya yi ya koma ya ba ki haƙuri. Ya zo da kaza, a gabana.

Shekara uku da suka wuce mutanen jami'a suka zo a farar mota. Suka zauna a tabarmarta, suka ci shinkafarta, ta nuna musu komai. Suka dawo suka ce sun gwada a kwalabe, ganyenta yana hana jini daskarewa, yana kuma kare jiki daga wani abu kamar tsatsa. Yanzu sun kafa allo a ɗakin shan magani na gunduma, ana raba maganin a leda. Ban iya karatu ba, sai na sa ma'aikaciyar jinya ta karanta mini. Sunaye huɗu, duka masu digiri. Can ƙasa kuma: "da taimakon wata mazauniyar ƙauye."

Na same ta tana yankan citta.

"Yaya, wata mazauniyar ƙauye fa suka ce. Ko ɓaunar Prasit tana da suna."

"To a birni nake zaune?"

"Tashi mu je wurinsu."

"Mai magani ba ya roƙon a kira sunansa, na malaminsa yake kira. Ko ranar da aka koyar da wannan ma barci kike?"

"Bakin nan naki ne ya hana ki ƙiba."

Ta yi dariya, sannan ta ce, "Sun ɗaura zaren?"

Na ce ban ga zare ba. Ta ajiye wuƙar, ba ta sake taɓa cittar ba ranar.

To ku ji, masu digiri. Idonta ya yi rauni, ranar Alhamis ta girmama malamai a wata mai zuwa za ta sauke tire, ta daina ba da magani. Kafin nan ku goge "wata mazauniyar ƙauye" ku rubuta Lamduan Saenkam, ku sa Kampan a samanta, tunda ba za ta yarda a kira ta ita kaɗai ba. Ku ɗaura jan zare a ledarku. Ni na san abin da rashin tambaya yake yi, na wanke tabarmar Somjit da hannuna.

Na gode, Yaya, da rufin asirin da kika yi mini. Masu tasowa, ku koyi tambaya kafin ku miƙa ƙoƙo.

Shekara arba'in ina ƙyashin mace ɗaya, na san gidanta, na san sunanta. Ba zan tsufa ina ƙyashin "wata mazauniyar ƙauye" ba.