Ruwan Ɗumi a Bayan Tasha

Duk wanda ya zauna a layinmu na Catford ya san Mainasara, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri mai hular sanyi har cikin watan Yuli, wanda in ka ba shi ruwa ba zai sha ba sai ya ɗaga kofin ya duba a haske, ya shinshina, ya kurɓi kaɗan ya juya a baki kamar mai sayen zuma. Ɗan Yauri ne, gidan masunta, kuma a faɗarsa cikin kwalekwale aka yanke masa cibi. Ya zo London karatu, karatu ya ƙi shi, tuƙin bas ya karɓe shi har ya yi ritaya. Mutanen layi suka naɗa shi Sarkin Ruwan Catford, alhali duk ruwan da ke masarautar tasa ɗan rafin nan ne na bayan kantuna, wanda ake tsintar keken sayayya a ciki.

Shi bai ɗauki sarautar da wasa ba. "Ruwa ba ya yi mini ƙarya," in ji shi. Na famfo ya ce alli aka dama, na roba kuwa matacce ne. Matarsa Murja takan ce, "Malam, sha ka ba ni kofina, ba miya ba ce."

Da ya bar aiki sai ya sayi ƙugiya mai sanda irin ta Turawa, ya riƙa tuƙa tsohuwar motarsa duk Asabar zuwa bakin teku, wani wuri da babu yashi sai tsakuwa, dab da wata tashar lantarki ta nukiliya. Ƙaton gini ne toka-toka, ba taga, ba ka ganin mai shiga ko mai fita, sai wani gurnani da tafin ƙafarka ke ji kafin kunnenka. Tashar na zuƙar ruwan teku ta sanyaya injinanta ta mayar da shi da ɗumi, kifi kuwa na son ɗumi, sai su taru a wajen kamar ranar kasuwa. Mainasara yakan dawo da kula cike. Layi ya ci kifi har kyanwowin unguwa suka fara raka shi ƙofa.

Amma ba kifin ne ya fi ɗaure shi da wurin ba. A bayan tashar akwai wani bututu da ya leƙo ta ƙarƙashin wayar shinge, ruwa na zubowa daga bakinsa a hankali, yana bin tsakuwa zuwa teku. Ranar da ya fara ganinsa tsakiyar sanyi ne, azahar ta yi, yatsunsa sun ƙage, ruwan teku kuma kamar ƙanƙara. Sai ya hango tururi na tashi. Ya je ya tara hannu. Ɗumi ne, daidai wanda Murja ke sirka masa a buta.

Bai yi gaggawa ba, don yana da karatunsa na zaure. Malaminsu ya koya musu cewa ruwa na nan da tsarkinsa muddin launinsa ko warinsa ko ɗanɗanonsa bai sauya ba. Ya duba, garau. Ya shinshina, ba komai. Ya kurɓa, ko gishiri babu, ya ma fi na famfon gidansa daɗi. Ya yi bismilla ya kurkure baki, ya shaƙa a hanci, ya wanke fuska. Daga ranar nan ya zama wurin alwalarsa shekara da shekaru, in ƙishi ya kama shi ma ya cika tafi ya sha. Da ya ba Murja labari, ta ce ita dai tunda ta zo ƙasar nan ba ta taɓa ganin an ba da ruwan zafi kyauta ba.

'Yarsu tilo Rahinatu, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, tana aure a Camberwell. An daɗe ana addu'a kafin ta samu ciki, kuma cikin ya zo da tsirfa: duk abin da ta ci sai ya dawo, ban da farfesun kifin Baba. Mainasara ya ƙara Laraba a kan Asabar. A sanyin shekarar nan kifin suka zama wasu iri. Ba ja, ba fizga, yana jefa ƙugiya ko da ba tsutsa sai su biyo ta shiru, kamar da ma jira suke a zo a ɗauke su. Tsuntsayen teku da suka saba yi masa sata suka koma can nesa, suka jeru a kan tsakuwa suna kallonsa, babu mai kuka. Ya lura da duk wannan, ya dawo gida yana cika baki wai kifi sun gane ɗan gida.

Wata Lahadi bayan la'asar, Rahinatu na kan kujerar falon iyayenta da kwanon farfesu a kan cikinta, mijinta Affan ya shigo da waya a hannu. Ya gaisa a tsaye.

"Baba, ta wane gefen tashar nan kake kamun kifi?"

"Ta gefen da kifi yake. Za ka bi ni ne, kai da ko kwata ba ka iya tsallakewa?"

Affan bai yi dariya ba. Ya ce a labarai ne ya gani: hukumar muhalli ta kama tashar da karya ƙa'idar izinin zubar da ruwanta. Akwai gurɓataccen ruwa da doka ta ce sai an tace an auna kafin a sake shi, ashe ya daɗe yana sulalewa ta wani tsohon bututu da ba ya cikin izinin. Hukuma ta ce ba ta ga alamar haɗari ga jama'a ba, amma ana bincike.

Rahinatu ta ajiye cokali. Ta tambaya da Turancinta ko wurin Baba ne.

"Uwata, ci abincinki," in ji Mainasara. "Ni da na ɗanɗana ruwan da bakina?"

"Ka sha?" Affan ya ce.

Murja ta zo ta ɗauke kwanon daga kan cikin 'yarta da tsumma, ko da yake ya daɗe da hucewa.

Washegari Mainasara ya tuƙa mota ya koma tashar. Hazo ya rufe tekun, tashar ma sai gurnaninta ake ji. An zagaye bututun da igiya ruwan ɗorawa, an toshe bakinsa da murfin ƙarfe. A nan ne ya ga abin da idonsa ya yi shekaru yana tsallakewa: duk inda ruwan nan ya bi, tsakuwar fara fat take, ko gansakuka babu. Wata Baturiya da safar hannu har gwiwar hannu tana ɗibar ruwa daga wani ɗan gurbi da kofi mai doguwar mariƙa, tana ɗurawa a kwalabe. Ya gaishe ta, ya ce in tsabtar ruwan take nema, shi zai iya gaya mata ba sai ta wahala ba.

Ta yi ɗan murmushi, ta ɗauka raha yake. Ta ce ai irin abin da suke nema ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, sai an kai ɗakin gwaji.

Mainasara ya ji karatun malaminsu daga bakin Baturiya, a juye. Ta tambaye shi ko ya taɓa taɓa ruwan. Ya ce kaɗan. Ta dubi hannunsa, ta dubi bakinsa, ta ce ya je ya ga likitansa. Sannan ta ja da baya taku guda. Wataƙila tsakuwa ce ta zame mata.

Da ya dawo ya kwashe kifin firiza kaf ya ɗaure a baƙar leda ya ajiye gefen bola. Da safe dilolin unguwa masu yawon bola da dare sun yayyaga ledar kowane gida a layin, sun bar tasa a ɗaure yadda ya ajiye. Maƙwabcinsa Abdul-Ganiyu ya leƙo ta katanga ya ce, "Sarki, ƙanƙara ce ta hana su, dila ma yana da haƙori." Mainasara ya tsaya yana kallon ledar har motar kwasar shara ta zo.

An duba Rahinatu a asibiti. Likita ta ce jariri na motsi lafiya, kuma mai yiwuwa abin da ya shiga kifin bai kai ya yi komai ba. Kalmar nan "mai yiwuwa" ita ce ta bi Mainasara gida. Shi ma an ɗebi jininsa, ba a ga komai ba. Limamin masallacinsu na Peckham ya ce sallolinsa na nan, ba sai ya rama ba, amma ba wannan ya dame shi ba. Ya ware kofinsa ya ɗora saman firiji. Ya daina sa hannu a tire ɗaya da mutane. In an ba shi ruwa yanzu shanyewa yake ido rufe, layi ya rasa abin dariya guda.

Rahinatu ta haihu da hantsi, namiji, jawur, da gashi kamar an shafa masa mai. Murja ta ƙirga yatsun hannu da na ƙafa, ta sake ƙirgawa, ta ce alhamdulillahi. Affan ya miƙa wa surukinsa jaririn da ƙwayar dabino.

"Baba, kai ne babba. Ka yi masa kiran salla, ka tauna masa."

Haka ake yi a gidansu Mainasara tun kakanni: dattijo ya tauna dabino ya shafa wa jariri a dasashi, don abin da zai fara shiga cikinsa ya fito daga bakin na gari. Mainasara ya yi kiran sallar a kunnen yaron, tafinsa a kan bakinsa. Ya jefa dabinon a baki ya fara taunawa. Jaririn ya buɗe ɗan bakinsa yana lalube. Kowa na jira. Ya tauna, ya tauna, har ba abin da ya rage, sannan ya haɗiye.

"Affan, ɗauko wani. Kai ka yi masa."

"Malam, likita fa ya ce ba ka da komai," in ji Murja.

"Cewa ya yi bai ga komai ba."

Yaron yanzu rarrafe yake, ƙato, ya fi kowa a gidan ci. Sunansa Is'haq, kuma duk Lahadi sai an kawo shi layinmu. Mainasara na goya shi a kafaɗa, yana yi masa waƙar masunta, fuska a juye gefe. Wani lokaci yaron yakan tsotsi biskit ɗinsa ya miƙa wa kakan a baki yadda yara ke yi. Sai Mainasara ya datse leɓɓansa gam, yaron ya yi ta turawa yana ƙyalƙyala dariya, yana zaton wasa ne.