Ranar da Manjo Ya Zauna a Ƙasa

Maƙwabcinmu a unguwar Wulari tsohon soja ne, kowa Manjo yake ce masa. Tun yana saurayi ya ga yaƙi, kuma ba ya son a tayar masa da zancen. Da ya ajiye kaki, mutane suka zaɓe shi zuwa majalisar tarayya. Ko kujerar bai ɗumama ba sojoji suka karɓi mulki, suka ce kowa ya kama gabansa. In an tsokane shi sai ya yi dariya, ya ce yaran da ya koya wa fareti ne suka sallame shi.

Ni kam ba ma shiri sosai. Ya cika sa ido. In kwatarmu ta toshe, kafin in ɗauko tsintsiya ya aiko da ƙorafi.

A shekarun tashin hankali, wata safiya wani abu ya fashe a bakin titi. Kafin hantsi jami'an tsaro sun zagaye layinmu, sun fito da duk namiji mai sauran ƙarfi, sun zaunar da su a rana, ga babbar mota tana jira. Mijina yana cikinsu, tela ne. Kowa ya san ba duk wanda ya hau motar nan yake dawowa ba. Ina raɓe a bakin ƙofa.

Sai ga Manjo yana dogara sanda. Na ɗauka faɗa zai yi, ya lissafa musu muƙamansa. Ashe ba haka ba. Ya cire takalmi, ya lanƙwasa gwiwarsa ta hagu, wadda harsashi ya lalata tun a fagen daga, ya zauna cikin yashi mai zafi a tsakiyar mazanmu.

To, a Borno ba a tsayuwa a kan babba yana zaune a ƙasa. Liman ya fito ya zauna. Dattawa suka bi. Mu mata muka durƙusa a ƙofofinmu. Layi guda babu mai tsayuwa sai masu bindiga.

Wani ya raɗa wa shugabansu ko wane ne tsohon. Ya matso ya sara masa.

"Yallaɓai, don Allah ka tashi. Ba da kai muke ba."

"Da ni kuke, ɗana," in ji Manjo. "Ka tambaye ni su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ban sani ba, ba zan ce na san shi ba."

Hafsan ya waiga, ya ga ko'ina mutane a ƙasa. Dole shi ma ya tsuguna.

Har la'asar ana yi. A nuna mutum, Manjo ya faɗi ubansa da sana'arsa. Wasu kaɗan ya ce bai san su ba, kuma na ga yadda faɗar hakan ta yi masa ciwo. Sai aka zo kan mijina.

"Wannan tela ne," ya ce. "Ɗinkinsa ba wani abin kirki ba ne, amma bai taɓa riƙe abin da ya fi almakashi ba."

Na fashe da kuka, ina dariya. Ban taɓa ƙaunar zagi kamar wannan ba.

Da aka gama Manjo ya yunƙura zai tashi, gwiwar ta ƙi. Mijina da hafsan ne suka ciccibe shi zuwa zaure. Mijina ya kwana a gida. Manjo kuwa bai ƙara taka ƙafar nan ba har Allah ya karɓi abinsa.