Kowa Ya Yi Kura In Gani

A zamanin soja, lokacin da kuɗin mai suka shigo Sakkwato, babanmu ya kawo katifar soso da matasan kai masu tudu gidanmu na Ƙofar Atiku. Ni kuwa uwar son banza, na haɗa biyu na ɗora kai. Da safe na tashi wuya ya ƙage, in zan dubi mutum sai na juya gaba ɗayana.

Da a wani lokaci ne, dariya za a yi mini. Amma bazara ce, sanƙarau na yawo a unguwa, kuma kwanan nan aka fita da ɗan maƙwabcinmu ba a dawo da shi ba. Kowa ya san ta wuya yake kamu. Mahaifiyarmu ta wuni tana taɓa goshina tana kau da kai. Ni ma na wuni ina raki, tsoro ya hana ni cin tuwo.

Bayan isha'i Inno, kakarmu ta wajen uba, ta tara mu bakin murhu, garwashin girki bai gama mutuwa ba. Ƙanena Bello, wanda take tsokana da "angona", ya kwanta shiru a cinyarta.

"Ga wata nan ta taho muku," in ji ta, yadda take buɗe tatsuniya.

Muka ce ta taho, amma murya ba ƙarfi.

Wai kura ce ta sami nama ta zuba a turmi. Don kada a sace, sai ta ɗora kai a bakin turmin ta kwana. Gari ya waye wuya ya ƙi juyawa. Dila ya zagayo ta gefe yana kwasa, tana jin taunarsa ba damar waiwaye.

"Kun ji," Inno ta harare ni. "Wanda duk yab biɗi matashin da yah hi wuyanai, shi yaj ja ma kainai. Kai da baya su kwana miƙe, kuma ba a kwana rub da ciki." Sai ta rage murya. "Da kura tag ga turmi wayam, kunya tas sa tad duƙe har haɓa tat taɓa ƙirji. To, kowa shi yi kura in gani. Ke, mai matashi biyu."

Na lura mahaifiyarmu ta tsaya cak da fitila a hannu. Na sunkuya a hankali. Ya yi zafi, amma haɓa ta taɓa ƙirji. Na ji ajiyar zuciyarta tun daga inda take. Sauran yara suka yi nasu suna ƙyalƙyala dariya.

"Saura angona."

Bello ya gwada, kai ya ƙi. Inno ta sa tafi a ƙeyarsa ta ɗaga kaɗan. Ya tsala ƙara, ya naɗe ƙafafu.

Ko muryarta ba ta yi rawa ba. "A ce ma uban ɗiyan ga shi tada babur. Asibiti."

Babanmu ya fito yana gyara hula. "Inno, a bari gari shi waye mana."

"Shi waye ma wa? Tun ɗazu jikinai ka ƙona min cinya. Ɗauko shi!"

Na daɗe ina zaton darasin na matashi ne, har yau ɗaya nake sawa, siriri. Sai da na haifi nawa na gane abin da ta yi. Ta san wuyan kwanciya gefe yake hana juyawa, ba ya zuwa da zazzaɓi, na sanƙarau kuwa sunkuyawa yake hanawa. Gida duk ya zuba ido a kaina saboda ni ce mai baki, ita kaɗai ta ji mai shirun. Kuma ta duba mu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta tayar da kururuwa ba.

Bello ya rayu, yau har da jikoki. Amma ciwon ya tafi da jinsa. Duk sanda na tuna ina jin godiya da ɗaci a haɗe: labarin kurar nan ne na ƙarshe da ya ji da kunnensa.