Binne a Filin Ƙwallo

Ni dai ban taɓa cin ƙwallo ba a rayuwata sai da baki. Tun ina yaro gwiwata ta hagu ba ta yarda da gudu ba, sai Allah ya mayar mini da ƙarfin a maƙogwaro. In ekip ɗin garinmu, wato ƙungiyar ƙwallonmu, na wasa, daga rijiyar kasuwa ana jin muryata ina gyara wa alƙalin wasa aikinsa. Garin namu ƙarami ne, tsakanin Mayahi da Tasawa. Ina koyarwa a lakwal ɗinsa, makarantar boko, shi ya sa kowa ke ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. In an gama girbi, ban da masallaci da jana'iza, ba abin da ke tara mu wuri ɗaya, babba da yaro, sai ƙwallo.

Filin da ake wasan ba na gari ba ne, gona ce ta aro. Wani dattijo ne ya ba da ita tun muna samari, a gaban maigari, ya ce muddin ana buga ƙwallo a kanta, kada ɗansa ko jikansa ya sa mata sungumi. Maganar baki ce, amma kowa ya ji ta. A lokacin ƙasa na da yawa, mutane kaɗan. Dattijon ya rasu ya bar ƴaƴa maza birjik, su ma suka hayayyafa, aka yi ta yanka gonakin gado har kowacce ta koma kamar tabarma. Babban ɗansa shi ne shugabanmu na magoya baya, shi ke rataya ganga. Firzidan muke ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana. Shi ya tsare maganar ubansa shekara da shekaru, ƙannensa na kallon filin suna haɗiyar yawu.

Sai Alhajin da ke ɗaukar nauyin ekip ya tashi. Kasuwancinsa ya koma Tasawa, ya kwashe iyalinsa, ya ce ekip ma za ta bi shi, domin can akwai fili mai katanga da ƙofa, kuma masu shirya gasa sun gaji da kafewar motarsu a rairayin hanyarmu. Ya tara mu a ƙofar gidansa ya yi mana bayani da murmushi, har da shayi. Na miƙe na yi magana mai zafi, na ce ekip ba akuya ba ce da za a ɗaure a bayan mota. Ya bar ni na gama tsaf.

"Gaskiyarka, Mushe," in ji shi. "To in na bar muku ita, wa ka sayen riguna da takalma?"

Na duba hagu na duba dama, kowa ya sunkuyar da kai yana kurɓar shayi. Mai abu da abinsa. Ya tafi da suna, da riguna, da duk yaron da ya iya taɓa ƙwallo. Yaran kam ban ga laifinsu ba, tunda ya yi musu alkawarin aiki a shagunansa.

Sau ɗaya muka bi su. Muka cika wata tsohuwar mota har da saman kaya, Firzidan na rungume da gangarsa. A ƙofar filin aka tsayar da mu sai mun yanki tike, mu da muka yi shekaru muna tsince wa ekip ɗin nan ƙaya da hannunmu. Muka shiga muka tarar samarin Tasawa na rera kirarinmu, sun cire sunan garinmu sun sa nasu. Yaranmu suka ɗago mana hannu daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa suruki a kasuwa. Suka ci wasan. Kowa ya tashi yana ihu, ni kuwa na rasa ko murna zan yi ko kuka. Firzidan bai taɓa gangar ba har muka dawo gida.

Ba a daɗe ba ƙannensa suka kai magana gaban maigari. Mai bi masa ne ya yi bayani, kuma cikin ladabi ya yi shi.

"Ranka shi daɗe, tsoho ya ce muddin ana buga balo. To balo ya tahi Tasawa. Mu kau ga ɗiya cike da gida, ga rumbu wayam."

Ba wanda zai ce ƙarya ya yi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na so a ce mugu ne in samu wanda zan zaga. Firzidan ya gyara zama ya ce, "Balo bai tahi ba, Alhaji ne yat tahi. Muna da ekip." Duk muka juya muka kalle shi. Ba mu da ko igiyar takalmi. A bakinsa aka haifi sabuwar ƙungiyar, nan take, a zauren maigari.

Wanda bai ga ekip ɗin nan ba bai sha dariya ba. Tela ne a baya, mahauci a tsakiya, mai facin taya a gaba yana gudu yana riƙe da ƙugu. Sauran kuwa samarin da Alhaji ya duba ya ga ba su kai a ɗauka ba. Ni aka ba horarwa, tunda baki ne kawai aikin. Kowa ya kawo farar singileti aka kai wa mai rini, suka dawo wata shuɗiya, wata kamar an jiƙa ta da ruwan toka. Muka yi ta gardamar suna har aka kusa dambe, ba mu daidaita ba, sai mata a bakin rijiya suka raba mana gardama suka sa mana Ƙanzo, wai mu ne abin da ya saura a gindin tukunya. Muka ji haushi, daga baya muka karɓa. Kowace la'asar muna fili, muna tsince ƙarangiya, muna ja layi da toka, muna buga ƙwallon da facinta ya fi fatarta yawa. Mun san ba iyawa muka yi ba. Gadin fili muke yi da ƙafafunmu.

Ƙannen suka koma wurin maigari suka ce wannan ba ƙwallo ba ce, tsofaffi ne ke motsa jini. Maigari ya ga dama da hagu duk nasa ne, sannan ya yanke.

"Ku kawo baƙi. Ekip ta wani gari, da alƙali, jama'a su gani da idonsu. In kunka yi haka, hili na nan yadda tsoho ya bar shi."

Muka bazama neman abokan karawa. Na Mayahi suka yi mana dariya a waya, har na ji ana maimaita sunanmu a bayan mai maganar. Na Bawdeta suka ce nisa. Na garin Cake ne suka ji tausayinmu suka amsa, amma akasarin ƴan wasansu sun tafi ci-rani, kuma ɗan ci-rani ba ya dawowa sai ya ji ƙanshin damina. Aka sa rana aka ɗaga, aka sake sawa aka yi musu rasuwa. Zafi ya yi ta ƙaruwa, gabas ta fara haɗa gizagizai da yamma tana watsewa. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi sama, sai ya juyo ya dube ni, kamar ni ke riƙe da motar Cake.

Wata safiya ina kan hanyar lakwal na hango mutane a filin. Binne suke yi, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa, a bar iri ya jira a cikin rairayi. Ƙannen na gaba da sungumi suna sara, mata da yara na biye suna jefa gero suna rufewa da diddige, layi bayan layi, daga wannan kai zuwa wancan. Na tsaya da niyyar in tayar da jijiyar wuya, sai na ga matar Firzidan a cikinsu da ƴaƴanta mata, da ƴar ƙwaryar iri a hannu. Ta gaishe ni ba ta ɗago kai ba. Na amsa, na wuce.

Na sami Firzidan a gindin bishiyar bedin ƙofar gidansa yana gyaran igiyar guga.

"Yaya, ka ga abin da aka yi?"

"Na gani, Mushe."

"Har da mai ɗakinka."

"Ba ni nac ce ta tahi ba," in ji shi, yana kallon igiyar. "Amma ban hana ta ba. Hatsinmu ya ƙare tun cikin sanyi. Da wane baki za ni hana ta?"

Na zo da magana cike da ciki, na koma da ita. Mutumin nan shi ya haifi ƙungiyar, kuma shi ya fi kowa bukatar gonar. Na je wurin maigari ni kaɗai, ya ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa bai gan shi ba, mu ci gaba da wasanmu. "Amma in ya hito," ya ce, "ya zama abinci. Ni kau ba ni da hukunci bisa abinci."

Muka ci gaba da wasa a kan irin. Binne caca ce, kowa ya sani. Zabi na tona shi, kurciya na ci, gara na ci, in kuma yayyafi ya sauka bai jiƙa ƙasa ba sai ya ruɓe a ciki. A kan wannan muka rataya fatanmu, mu ƴaƴan manoma. Ba wanda ya furta, amma na ga yadda mahauci ke murza ƙafa a ƙasa in ya tsaya, na kuma ga ba wanda ke korar zabin maƙwabta in sun shigo. Ruwa ya yi jinkiri har liman ya ce a fita roƙo. Gari duka ya fita bayan gari cikin rana, na ɗaga hannu tare da kowa, ni ma ga gonata can tana jira, ga ƴaƴana. Ta yaya mutum zai roƙi Allah ruwa ya sauka ko'ina ya tsallake fili ɗaya? Firzidan na kusa da ni a sahu, hawaye na bin gemunsa, yana amin da ƙarfi. Ni ma na ce amin, raina a jagule.

Mutanen Cake suka aiko cewa yaransu sun dawo, Juma'a mai zuwa suna tafe, ba fashi. A farkon makon nan hadari ya taso da la'asar, baƙi ƙirin, ya sauke ruwan da ya kai ƙasa har ƙoshi. Washegari gari ya watse, kowa ya yi gonarsa. Lakwal ma ba yaro ko ɗaya. Ni ma ina can ina sara ina rufewa, bayana kamar zai tsinke, ban leƙa filin ba, kuma gaskiya tsoron leƙawa nake yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki buhun toka na nufi fili don in ja layi. Tun daga nesa na gani. Gonakinmu da muka shuka bayan ruwa ko alama ba su yi ba, amma binne ya riga kowa. Ya fito ras, kore shar, tsinke-tsinke kamar allura, kowane rami da tsironsa. Duk tattakin da muka yi masa bai kashe ko kaɗan ba. Tun da nake ban taɓa ganin shuka ta kama da kyau haka ba, kuma ban taɓa jin kyan abu ya karya mini gwiwa haka ba. Na ajiye buhun na zauna a kansa.

Motar Cake ta iso da la'asar, suna kiɗa suna ɗaga tuta. Jama'a sun taru, mata sun kawo ƙosai da gyaɗa, maigari ya zo an shimfiɗa masa tabarma. Ƙannen Firzidan na tsaye gefe, ba sanda ba gardama. Ba wanda ya hana mu shiga. Baƙin suka sauko suka ɗaura takalma, suka zo bakin fili suka tsaya. Namu ma suka jeru da rinannun singiletinsu. Alƙali ya hura usur. Ba wanda ya motsa. Ya sake hurawa, sannan shi ma ya dubi ƙasa ya janye ƙafarsa baya.

Kyaftin ɗin Cake ya zo wurina, saurayi dogo, tafin hannunsa duk kanta. Ya rage murya ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ni dai ba ni taka hatsi." Ni da ake ji daga rijiyar kasuwa, sai na gyaɗa masa kai kawai. In da ya ce in fara shiga su biyo ni, ni ma ba zan iya ba.

Firzidan ya sauke gangarsa ya miƙa wa tela. Ya tuɓe takalmi ya shiga filin a hankali, yana sa ƙafa tsakanin ramuka. Ya kai tsakiya ya tsaya, muna jira ya yi magana. Sai ya duƙa, ya ga wani tsiro da ruwa ya tone wa gindi, ya tara masa ƙasa da yatsunsa. Ya daɗe a duƙe. Da ya miƙe sai ya nufi sandunan raga, ya kama ɗaya ya girgiza, ya waiwayo ya kira ni.

"Mushe, zo ka kama mini. In an tashi noma za su tare hanya."

Na tuɓe nawa takalmin na shiga. Muka tumɓuke su, shi a gaba ni a baya, muka ɗauko a kafaɗa. Gari duka na kallonmu, mu kuwa idonmu na ƙasa, muna duba inda za mu taka.