Ƙwayoyi a Gwangwanin Maɓallai

Shekara arba'in da bakwai Baba Tela ya yi yana ɗinki a shagon da ke jikin gidansa, kuma da abu ɗaya yake tinƙaho: bai taɓa ɓata wa kowa yadi ba. Cika alkawari kam ba nasa ba ne, in ya ce maka jibi, ka ƙara mako a kai ka huta. Amma yankansa ba ya kuskure, hannunsa kuma tsaf. Ko 'yar hular ƙarfen nan da teloli ke sa wa yatsa ba ya sawa, wai ta 'yan koyo ce. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ita ke zama a bayansa tana ɗinka maɓallai, ta sha wannan cika baki har ta haddace.

Bara numfashi ya soma gagararsa, taka keken ɗinki ya zame masa aiki. Likitoci suka buɗe ƙirjinsa, suka canza wani murfi a zuciyar da ya daina rufuwa daidai. Ranar sallama, wata nas ta ja Inna gefe ta damƙa mata kwalbar magani.

"Mama, wannan ƙwayar ce ke hana jininsa daskarewa. In ya bar sha, gudan jini na iya tashi daga zuciya ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Kika ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ki duba agogo, ki kawo shi a guje. Kada ki ba shi ko ruwa."

Bayan wata uku ya koma shago, a nan kuma matsala ta ɓullo. Da can in allura ta soke shi, ya tsotse yatsa, shi ke nan. Yanzu ɗan tsini kaɗan sai jini ya yi ta tsattsafowa ya ƙi tsayawa. Wata rana ɗigo biyu suka sauka a kan farin yadin wani ango. Ya je da kansa ya sayo wani. Tun daga ranar, in Inna ta miƙa masa ƙwaya da safe, sai ya ce zai haɗiye a shago da shayi. Ita kuwa ta yarda, don mutumin da aka tsaga wa ƙirji ba ta zaci zai yi wasa da ransa ba.

Ran Talata da hantsi ta juye gwangwanin maɓallai a cinyarta tana neman farare guda shida. Cikin tarin ta ga wasu ƙanana da ba su da huji. Ta ɗauki ɗaya, ta ga ƙwayar maganinsa ce. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, har sha ɗaya.

"Malam, mene ne wannan?"

Bai juyo ba, yana kan yanka. "Ki mayar min da kayana."

"Kwana sha ɗaya! Kashe kanka za ka yi ka bar ni da keken ɗinki?"

"Ke dai kin cika ɗaga murya. Bari in gama kayan mutane, sai in ci gaba da sha. Ni da na ji sauƙi? Tela yana zubar da jini a yadin jama'a, wa zai sake kawo—"

Almakashi ya faɗi ƙasa. Inna ta jira ya sunkuya ya ɗauka, bai sunkuya ba. Hannunsa na dama ya zame daga tebur ya yi lilo a gefensa. Ta zagayo gabansa, ta ga gefen bakinsa ya sauka, yawu na bin haɓarsa. Yana son magana, sai wani gunaguni ke fita.

Tsoro ya kama ta ƙwarai. Duk da haka ta ɗaga kai ta kalli agogon bango: sha ɗaya saura kwata. Ta fita ba takalmi, ta buga ƙofar maƙwabcinsu direba.

"Ɗan nan, fito da mota! Babanka ne!"

Kafin su ɗauko shi, mata sun cika shagon, wannan ta ce a shafa masa mai, waccan ta miƙo kofin ruwa. Inna ta ture kofin har ya zube.

"Ba abin da zai sha. Ku ba mu hanya!"

A mota ta rungume kansa, tana yi masa addu'a tana yi masa faɗa a lokaci guda. A asibiti likita bai tambayi komai ba sai lokacin da abin ya fara. Ta faɗa, ta kuma buɗe tafin hannunta, ta nuna masa ƙwayoyin da gumi ya fara narkarwa. Ya dube su, ya dube ta, ya ce a tura gadon da aka kwantar da Baba Tela da sauri.

Sai bayan la'asar likitan ya fito. Ya ce sun zo a kan lokaci, rai ya tsira, ƙafa na motsi, magana ma za ta dawo. Da ta tambayi hannun, sai ya ce a yi haƙuri a gani.

Ta shiga ta zauna a bakin gado. Duk faɗan da ta tanada ya guje mata. Baba Tela ya sa hannun hagu ya ɗago na dama, ya ajiye a cinyarta.

"Matsa... min," in ji shi, da harshe mai nauyi.

Ta kama babban yatsan, wanda sukar allura ta sa fatarsa ta yi kanta, ta matsa iya ƙarfinta har farcenta ya yi fari. Shi kuwa ya zuba wa rufin ɗakin ido yana jira. Can ya juyo ya kalle ta.

"Kin... fara?"